Yadda ake ɗaure babban injin aikin ƙarfe kafin doguwar tafiya

Ya kai mai karatu, kada nauyin inji ya ruɗe ka. Wasu suna zaton inji mai tan biyu ba zai motsa ba a bayan kamyo. Kuskure ne babba. In direba ya taka birki da ƙarfi, injin zai zame gaba da dukan nauyinsa. Injin sassaƙa ƙarfe ya fi haɗari, domin nauyinsa yana sama, gindinsa kuwa siriri ne. A kwana yakan kife.

Injin da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome yana da tafiyar fiye da kilomita 1000 kafin Yamai. Saboda haka ka aza shi bisa katakai masu kauri, ka ɗaure ƙafafunsa a kansu da noti. Ka ja sarƙa ta kusurwa huɗu daga gangar jikinsa, ba daga hannuwansa ko sandunansa ba, don lanƙwashewa suke yi. Igiya ba ta isa ba. Ka kulle sassan da ke motsi, ka tsiyaye mai, ka shafa giris inda babu fenti saboda tsatsa, sannan ka rufe da tamfol.

Girgizar hanya takan sassauta sarƙa. Bayan an ɗan taɓa tafiya, a tsaya a ƙara tsuke ta.