Ofis da ɗakin ɗaukar murya a cikin gida guda: darasi daga birnin Makka

A yau za mu leƙa birnin Makka, inda Hausawa suka daɗe da zama, ga kuma ɗalibai daga Najeriya da Nijar a Jami'ar Ummul Ƙura. Mai son haɗa darasi ko hira ya saka a intanet, wato podkas, sau da yawa ɗaki guda gare shi: nan yake aiki da kwamfuta, nan kuma zai ɗauki murya. To, me ya fi muhimmanci? Masana sauti na cewa ɗakin ya fi makirufo.

Dalili kuwa shi ne amsa-kuwwa. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, idan ya bugi bangon siminti ko daɓen tayil, irin na yawancin gidajen Makka, sai ya dawo ya cakuɗe da maganar da ke biye. A shekarar 1895 aka ɗora wa wani malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca a Jami'ar Harvard ta Amurka, inda kalma kan ɗauki fiye da daƙiƙa biyar kafin ta mutu. Da dare ya riƙa kwaso matasan kujeru yana jerawa yana aunawa, har ya gano cewa kaya masu taushi na shanye sauti.

Ke nan zauren baƙi na Larabawa, mai kafet da matasai da labule masu kauri, ya riga ya yi rabin aikin. A ofis kuwa, kantar littattafai ma na taimakawa. Gwajin ba wuya: ka tafa hannu sau ɗaya, in ka ji ƙarar ta yi jela, a ƙara kaya masu taushi. Sai dai a lura, soso ko kwalin ƙwai a bango ba ya tare hayaniyar titi. Wannan sai ƙofa mai nauyi da toshe kafofin taga.

Matsala ta biyu ita ce zafi. A watan Yunin 2024, lokacin aikin Hajji, ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, don haka zama ba na'urar sanyaya ɗaki sai wahala, ita kuma ba ta rabuwa da gurnani. Dabarar ita ce a sanyaya ɗakin tukuna, a kashe na'urar, a ɗauki murya a taƙaice. Sannan ka matso da baki kusa da makirufo, kamar taƙi guda: duk sanda ka rage nisan da rabi, muryarka kan ƙaru da kimanin desibel 6, hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take.

Akwai kuma ƙugin lantarki. Wutar Saudiyya na kai-komo sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar sau 50, saboda haka mai tace murya a kwamfuta ya saita manhajarsa a kan 60, ya kuma raba wayar makirufo da ta wuta.

A ƙarshe, a duba jadawalin salla, a tsara ɗaukar murya tsakanin kiran salla da kiran salla.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.