Ƙaramin Kabari da Haƙƙinsa a Kanmu

Duk wanda ya saba raka gawa daga Kinkinau zuwa maƙabartar Tudun Wada ya san bambancin da ke tsakanin jana'izar babba da ta jariri, domin kuwa shi babba a makara ake ɗaukarsa, jama'a na biye ana karɓa-karɓa, alhali shi jariri naɗe shi ake yi cikin 'yar tabarma, kawunsa ko wani maƙwabci ya rungume shi a ƙirji, mutum biyar ko shida su bi bayansa, kafin rana ta take tsaka an dawo kowa ya kama sha'aninsa. Kuma irin wannan rakiya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun da binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa cika shekara biyar, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187.

Abin da masu ta'aziyya ke faɗi sananne ne: "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya ba da rayayye." Addu'a ce mai kyau, asalinta ma daga Sunna yake. Amma daga nan sai a ja baki, a kwashe 'yan rigunan jaririn a bayar, a daina ambatonsa, har ƙannensa su girma su yi aure ba su san sun taɓa yin wa ba. Idan kuwa ɗan fari ne, to, musibar ta zama biyu ga uwa, saboda alkunyar da ta hana ta kiran sunansa yana raye ita ce za ta hana ta yi masa kuka a gaban surukai bayan ya rasu, sai dai ta shiga ƙuryar ɗaki ta share hawaye da gefen mayafi, ta fito ta ɗora tukunya. Wadda 'ya'yanta suka yi ta mutuwa a jere kuma a ce tana wabi, a laƙaba wa na baya Ajuji ko Barmani, kamar dai mutuwa za ta ji sunan ta ƙyale shi.

A ganina mun ɗauki shiru a matsayin haƙuri, alhali kuwa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wanda babu mahaluƙin da ya kai shi haƙuri, bai yi shiru ba. Ɗansa Ibrahim, wanda Mariya Baƙibɗiya ta haifa masa a shekara ta 8 bayan Hijira, yana hannun mai shayarwa ne a gidan wani maƙeri da ake kira Abu Saif lokacin da ajali ya zo masa a shekara ta 10, bai ko cika shekara biyu ba; Annabi ya je, ya ɗauke shi, idanunsa suka zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, shi kuwa ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, ya kira sunan yaron, ya faɗi baƙin cikin rabuwa da shi a fili, bai kuma furta abin da zai saɓa wa Ubangijinsa ba. A wannan rana aka yi husufin rana, mutane suka ce don mutuwar Ibrahim ne, nan take ya gyara musu zato. Wato ya yarda da hawaye, ya hana camfi. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin.

Malaman da suka gabata sun ɗauki wannan mas'ala da nauyinta. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajirai ke karantawa a zauruka har gobe, ta keɓe babi guda ga wankan yaro da yi masa salla da addu'a. Ibn Nasiruddin na Dimashƙa ya wallafa littafi sukutum don sanyaya zukatan iyayen da suka rasa 'ya'ya, haka ma Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne kuma malamin nan na Masar da ya taɓa aiko wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha. A irin waɗannan littattafai ake kawo bisharar gidan da ake gina wa mahaifi a Aljanna idan ya gode wa Allah a lokacin rashin, da bisharar cewa 'ya'yan da suka riga uwa za su zame mata kariya daga wuta.

Zamani ya kawo nasa salon. Lokacin da aka sace Hanifa, 'yar shekara biyar, a Kano cikin Disambar 2021, aka kuma gano a Janairun 2022 cewa mai makarantarsu ne ya kashe ta, hotonta ya cika Facebook, sunanta ya shiga kowane gida, Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Wannan tunawa ta yi amfani, domin ta hana a binne maganar. Sai dai yaron da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ko gudawa ta ɗauke a lungun unguwa ba shi da mai ɗora hotonsa, kuma irinsa su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

To, da me za a tuna da shi? Gini a kan kabari makaruhi ne a mazhabar Malikiyya, taron sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa malaman Izala da na ɗariƙa sun daɗe suna saɓani a kansa, ba kuma ni zan raba gardamar ba. Amma babu malamin da zai hana uba ya haƙa rijiya da niyyar sadaka, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa, ko ya je ɗakin yara a Asibitin Yusuf Ɗantsoho ya biya wa wata uwa kuɗin magani ko na ledar jini, ko ya saya wa maƙwabta gidan sauro kafin damina, ko ya tsaya tsayin daka a kai yaran gidan rigakafi. Wanda bai da hali kuwa, ya isa ya rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa da ta rasuwarsa a inda ya rubuta na sauran 'ya'yansa, ya kuma gaya wa ƙannensa labarinsa.

Ku kuma mata da ke shiga cikin gida gaisuwa, kada ku tsaya a kan kaka da uwargida kaɗai. Ku nemi uwar yaron ko da tana ɓoye a ɗaki, ku zauna da ita, ku ambaci ɗanta da sunansa, ku kuma sake leƙo ta bayan wata guda, lokacin da ƙafa ta ɗauke.