Ko Kun Sani? Kafar Muƙamuƙi Mai Kama Da Ciwo

Ko kun san cewa a muƙamuƙin ƙasa na kowane ɗan Adam akwai wata 'yar kafa, ɗaya dama ɗaya hagu, wadda idan ta bayyana a hoton da na'ura ke ɗauka tana kewaya kai, takan yi kama da ciwo alhali lafiya lau ƙashin yake? Cikin hikimar Mahalicci, ta wannan kafa ce jijiyar da ke bai wa haɓa da leɓen ƙasa ji take fitowa, kuma galibi tana daura da saiwar haƙoran da ke tsakanin fiƙa da turame. Dalilin shubuhar kuwa, hasken na'urar yakan ratsa inda ƙashi ya yi ƙaranci cikin sauƙi, sai wurin ya fito baƙi, tamkar inda mugunya ta ci ƙashi. Saboda haka likita mai lura ba ya gaggawar hukunci. Yakan jarraba ko haƙorin na da rai, ya sake ɗaukar hoto ta wata fuska, inda kafar za ta kauce daga saiwar, ciwo na haƙiƙa kuwa yana nan manne da ita.