Jirgin rimot: duba inda nauyinsa ya zauna kafin ka tashe shi

Matashi zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai aiki da rimot, amma tashin farko ya tarwatse. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, rabon nauyi ne bai daidaita ba.

Kowane jirgi yana da wurin da nauyin gabansa da na bayansa suke yin kunnen doki. A jirgin koyo, wurin yakan kasance tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba. Idan faɗin santimita 24 ne, yi alama tsakanin santimita 6 da 8.

Saka batir, ka ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikan, daidai alamar. Ana so ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya. In mai shan mai ne, a gwada shi tankin babu komai.

Jirgin da gabansa ya fi nauyi yakan sauka da gudu, amma yana jin umarni. Wanda wutsiyarsa ta rinjaya kuwa sai ya ɗaga kai, ya ƙwace, ya faɗo. Maganin shi ne a matsar da batir gaba. In bai isa ba, a manna ƴar dalma a hanci.

Manyan jirage ma wannan doka ta hau kansu. Ranar 25 ga Disamban 2003, wani Boeing 727 ya faɗi yana tashi daga Kotono, mutum fiye da 130 suka rasu. Bincike ya gano lodi ya wuce kima, kuma nauyin ya karkata gaba.