Idan Bashi Ya Fi Ƙarfin Mutum: Abin da Mazauna Lafiya Ya Kamata Su Sani

A garin Lafiya bashi iri biyu ne ya fi kama mutane. Akwai na ma'aikaci, wanda banki ko ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ke cirewa tun albashi bai taɓa hannunsa ba. Akwai na manomi, wanda ya karɓi kuɗin taki da na ƙwadago a hannun dillali da damina, da alkawarin biya da doya ko riɗi idan kaka ta yi. A 'yan shekarun nan na uku ya shigo ta waya: manhajojin da ke ba da rance nan take, su nemi a biya cikin 'yan kwanaki da ruwa mai nauyi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke damuna shi ne yadda mutumin kirki, da zarar biya ya gagara, zai kashe waya ya ƙaurace wa masallacin unguwa, don ya ɗauka ya zama mai laifi.

Bai zama ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya irin ta bashi, kuma a sashe na 36 ta hana kama mata ko ɗa a madadin wanda ake nema. Wurin mai bin bashi kotu ne, ba ofishin 'yan sanda ba. Sai dai a kula: wanda ya karɓi kuɗi da ƙarya tun farko, wannan damfara ce. Wanda kuma ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi a asusun, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Masu manhajar da ke tura wa surukanka saƙon cewa kai ɓarawo ne su ma sun ƙetare iyaka. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta wajabta musu rajista tun 2022, kuma tana karɓar ƙorafi a kansu.

To, akwai dokar da za ta ɗauke wa wanda ya karye nauyin gaba ɗaya? A Amurka dubban ɗaruruwan mutane ne ke zuwa kotu kowace shekara su bayyana karayarsu, a yafe abin da ya saura, su sake sabon lale. Mu ma muna da dokar karayar arziki tun 1979. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara, kuma tana da reshe a nan Lafiya. Idan kotu ta tabbatar mutum ya karye, dukiyarsa na komawa hannun wani amintacce da zai sayar ya raba wa masu binsa. Amma dokar ta tsufa ƙwarai. Bashin naira 2,000 kacal ta sa a matsayin ƙa'idar shigar da ƙara, kuɗin da yau ba zai cika tankin babur ba. Kuɗin lauya kaɗai ya isa ya hana talaka kusantarta. Ga kuma tabo: tsarin mulkin 1999 ya hana wanda aka ayyana ya karye, ba a kuma sallame shi ba, tsayawa takarar majalisa, gwamna ko shugaban ƙasa. A ganina wannan doka ba mafaka ba ce ga malamin firamare ko mai shago a kasuwar zamani, kuma lokaci ya yi da Majalisar Tarayya za ta sake ta.

Gudu ma ba ya fid da kowa. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashinsu daga asusun da mutum ke da shi a wani banki, bisa takardar da ya sa wa hannu ranar karɓar rance. Sunan wanda ya ƙi biya kuma yana shiga rajistar masu tattara tarihin bashi, ya toshe masa rancen gobe. Wanda ya tsaya wa abokinsa shi ma ya sani, sa hannun nan alkawarin biya ne.

Abin da ya rage shi ne zama a yi magana, kuma da wuri. Ka rubuta duk wanda ke binka da abin da yake bi, ka raba uwar kuɗi da ruwa. Ka je da ƙafarka ka nemi a tsawaita lokaci ko a rage ruwa, duk abin da aka daidaita a rubuta shi gaban shaidu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, kuma wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da ake ba zakka. Kada a ci sabon bashi mai ruwa don toshe tsoho.

Saura haraji, inda mutane da yawa ke ruɗewa. Rance ba riba ba ne, don haka ba a biya masa harajin kuɗin shiga. Amma biyan bashi ba ya rage haraji. Ma'aikacin da banki ya cinye rabin albashinsa, a kan cikakken albashin ake lissafa masa, kuɗin kuma na zuwa hukumar tara haraji ta Jihar Nasarawa. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma ba ɗan haya sassaucin kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa, iyaka naira 500,000. Ruwan rancen gina gidan da mutum zai zauna da kansa shi ma ana cire shi kafin lissafi. Duk wanda bashi ya shaƙe ya ajiye rasidin haya da takardun bankinsa, ya kai wa ofishin albashi ko na haraji, domin sai da shaida ake samun wannan rangwame.