Awa nawa ke mayar da ɗalibi matuƙin jirgin fasinja?

A hutun zangon karatun da ya wuce aka tura ni wani taron bita na malamai a Accra, masu shirya taron suka yanka mana tikitin jirgi daga Kumasi. Muna shiga sai na ga ƙofar ɗakin tuƙi a buɗe, mutum biyu na zaune suna duba takardu. Na hagu ya fara furfura. Na dama kuwa saurayi ne, ko gemunsa bai gama haɗewa ba. Wata dattijuwa da ke gabana ta tsaya cak, ta juyo ta ce, "Malam, wancan yaron ma yana cikin masu tuƙa mu?" Na ce, "Hajiya, ai ba za a ɗora shi a kujerar nan ba sai ya ci jarrabawa." Ta ce, "Uhm. Cin jarrabawa daban, sabon hannu daban."

Cikin kamar minti 40 muka sauka lafiya, amma maganarta ta bi ni har gida. Na san abin da take nufi. Ranar da na fara tsayawa gaban aji bayan na fito daga kwalejin horon malamai, takardar shaidata na cikin jaka, amma yara sama da hamsin suka nuna mini cewa da sauran karatu. Shi ya sa na zauna na bi diddigin lamarin: wane ne ake ɗauka ya zauna a kujerar dama, kuma da wace irin gogewa?

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa na dama ba ɗan rakiya ba ne. Kyaftin ne shugaba, shi ke hagu, amma su biyun suna karɓa-karɓa ne: wannan ya tuƙa zuwa, wancan ya tuƙa dawowa, wanda ba ya tuƙi yana magana da hasumiya yana lura da na'urori. Saboda haka akwai yiwuwar saurayin nan ne ya sauke mu a Accra. Gara da ban faɗa wa Hajiya haka ba.

A harkar jiragen sama da awa ake auna gogewa, wato adadin sa'o'in da mutum ya yi yana tuƙi, kowace an rubuta ta a littafinsa. Ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ya ce da awa 200 mutum zai iya samun lasisin tuƙi na kasuwanci, amma babban lasisin da ke ba shi damar zama kyaftin a jirgin fasinja sai ya cika awa 1,500. A Turai da yawancin ƙasashen Afirka da Asiya, mai awa ɗari biyu da ɗoriya yana iya zama mataimaki idan ya ci jarrabawar babban lasisi a rubuce, ya kuma yi horo na musamman kan nau'in jirgin da zai tuƙa. Sauran awannin a bakin aiki zai tara su, kusa da kyaftin.

Amurka ce ta fita daban, kuma a can ne aka fi tafka muhawara. Akwai wasu kamfanoni da ake kira na yanki, irin su SkyWest da Republic da Envoy da Endeavor da PSA, masu ƙananan jirage na kujera 50 zuwa 76, suna ɗebo fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan tashoshi. Fasinja ya sayi tikitin Delta ko United ko American, jirgin ma da fentinsu, amma ma'aikatan na wani kamfani ne da aka ba kwangila, kuma wanda ya fi sauƙin farashi shi ke samun kwangilar. Nan ne ƙofar shiga ga kusan duk wanda bai biyo ta aikin soja ba. Kafin 2013 doka ta yarda a ɗauki mataimaki da awa 250.

Abin da ya sauya wannan ya faru ne a daren 12 ga Fabrairu 2009. Jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407 ya taso daga Newark zuwa Buffalo da sunan kamfanin Continental. Nau'insa Q400 ne, mai farfela biyu, irin wanda muke gani yana jigila tsakanin Accra da Kumasi da Tamale. Yana shirin sauka gudunsa ya ragu, matuƙan ba su lura ba, har sandar tuƙi ta fara karkarwa, wadda alama ce cewa fukafukai sun kusa daina ɗaukar jirgin. Abin da ake koya wa kowane ɗalibi tun makonnin farko shi ne ya tura hancin jirgi ƙasa ya ƙara wuta. Kyaftin Marvin Renslow sai ya ja sandar baya. Na'urar jirgin ta tura hancin ƙasa da kanta, ya sake ja. Mataimakiyarsa, Rebecca Shaw, ta janye ƙarin fukafukan sauka ba tare da an umurce ta ba. Jirgin ya faɗa kan wani gida a Clarence Center. Mutum 49 na cikinsa da mutum ɗaya na gidan suka mutu.

Binciken da ya biyo baya ya tono abubuwan da fasinja ba su taɓa sani ba. Shaw, mai shekara 24, albashinta na shekara kusan dala 16,000 ne, tana zaune da iyayenta kusa da Seattle, a ɗaya ƙarshen ƙasar, ta kwana tana bin jiragen kaya kafin ta iso wurin aiki, ga mura tana damunta. Renslow ya faɗi gwajin tuƙi sau da dama a baya, kuma bai bayyana duka ba lokacin da ya nemi aiki. Suna ta hira a lokacin da doka ta hana duk maganar da ba ta shafi tuƙi ba. Wata guda kacal kafin nan, a 15 ga Janairu, Chesley Sullenberger, wanda ya shekara kusan 40 yana tuƙi, ya sauke jirgi a kan kogin Hudson bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, mutum 155 duk suka tsira. Jama'a suka ajiye labaran biyu kusa da kusa suka yanke hukunci.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri zuwa majalisa a Washington. A watan Agusta 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka, kuma daga 2013 mataimaki ma sai ya mallaki babban lasisi, wato awa 1,500. An yi rangwame ga wasu: matuƙin soja awa 750, mai digirin harkar jirage na shekara huɗu awa 1,000, mai na shekara biyu awa 1,250.

To, ga inda gizo ke saƙar. Matuƙan Colgan su biyun duk sun wuce awa 1,500 a daren haɗarin. Kyaftin na da 3,379, mataimakiyar na da 2,244. Da dokar tana nan ma, da ba ta sauke su daga jirgin a ranar ba. Masu suka kullum da wannan suke farawa. Masu goyon baya kuma suna amsawa cewa Renslow da awa ɗari shida da 'yan kai ya shiga kamfanin, wato tun tushe bai daɗe yana riƙe ƙaramin jirgi da hannunsa ba kafin ya koma inda na'ura ke yin mafi yawan aikin. Kuma dokar ba ita kaɗai ta zo ba. An kawo sabbin ƙa'idojin hutu da suka wajabta awa 10 kafin a fara aiki, an tilasta horon ceto jirgi idan fukafukai suka daina ɗauka, an kafa rumbun bayanai da kamfani zai ga tarihin faɗuwar mai neman aiki. Daga haɗarin Buffalo har zuwa 29 ga Janairu 2025, ranar da jirgin PSA ya yi karo da helikwaftan soja a Washington mutum 67 suka mutu, ba a sake babban haɗarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka ba. Wanne daga cikin gyare-gyaren ya kawo haka? Kowane ɓangare na jan bargon wajensa.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina, a matsayina na malami, shi ne yadda ake cike gibin tsakanin 250 da 1,500. Wasu na jan kyallen talla a bakin teku, wasu na ɗaukar hoton ƙasa daga sama, wasu na kai masu diro da lema. Amma yawanci koyarwa suke yi. Wanda ya gama makaranta bara shi ke koyar da na bana, a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, yana ƙirga awanni, ranar da ya cika sai ya tattara ya tafi. Mu malamai mun san wannan hali sarai: makarantar ƙauye da ake tura sabon malami, ya yi shekara biyu ido na kan hanya, da ya fara iya aikin sai ya nemi canji. Duk da haka ba zan ce awannin banza ne ba. Koyarwa na tona asirin abin da ba ka sani ba. Ni ban fahimci lissafin ɓangare da kyau ba sai da na koyar da shi sau uku. Matuƙin da ɗalibansa suka sha jefa shi cikin kuskure ya ceto jirgin da hannunsa, ya ga abin da littafi ba ya nunawa. Sai dai awa dubu a rana tsaka, sama garau, a kewaye fili ɗaya, ba ta koya wa mutum aiki da abokin tuƙi cikin ƙanƙara da dare.

Dokar ta kuma taɓa aljihu. Horon tuƙi a Amurka na iya cin kusan dala 100,000, ga shekara ɗaya ko biyu na tara awa da ƙaramin albashi. Da annobar korona ta lafa, manyan kamfanoni da suka sallami tsofaffin matuƙa suka dawo suna kwasar kyaftin-kyaftin daga kamfanonin yanki. Jirage suka zauna a ƙasa babu mai tuƙawa, kuma a 2022 American ta daina zuwa garuruwa irin su Toledo da Dubuque da Ithaca. Dole albashi ya tashi: a shekarar Envoy da Piedmont suka kai sabon mataimaki dala 90 a awa. Republic ta nemi a bar ɗaliban makarantarta su fara da awa 750 kamar sojoji, hukumar FAA ta ƙi a Satumba 2022. Yunƙurin ɗaga shekarun ritaya daga 65 zuwa 67 ma bai shiga dokar 2024 ba. A Yuli 2025 kuwa shugaban Republic ɗin nan, Bryan Bedford, shi ne ya zama shugaban FAA, bayan ya ƙi yi wa sanatoci alkawarin cewa ba zai taɓa ƙa'idar 1,500 ba.

Muhawarar ta iso Afirka ranar 10 ga Maris 2019, lokacin da jirgin Ethiopian Airlines mai lamba 302 ya faɗi minti shida bayan tashi daga Addis Ababa, mutum 157 suka mutu. Mataimakin matuƙin awa 361 yake da ita, kyaftin ɗin kuma sama da 8,000 yana ɗan shekara 29. Nan da nan wasu a Amurka suka nuna wa mataimakin yatsa. Amma jirgin Boeing 737 MAX ne, mai wata manhaja da ke tura hanci ƙasa da kanta bisa bayanin na'ura ɗaya da ta lalace, irin abin da ya faɗar da jirgin Lion Air a Indunusiya wata biyar kafin nan, inda mataimakin ke da dubban awanni. An dakatar da nau'in jirgin a duniya baki ɗaya. Haka ma jirgin Air France 447 da ya faɗa tekun Atlantika a Yuni 2009 da mutum 228: mataimakin da ke riƙe da sanda na da awa kusan 3,000, kuma ya yi irin kuskuren Buffalo, ya ja baya inda ya kamata ya tura.

Idan aka tambaye ni, na fi yarda da tsarin da ke zaɓen ɗalibi da tsanani, ya horar da shi a na'urar kwaikwayon tuƙi kan duk masifar da ba za a iya gwadawa a sama ba, sannan ya zaunar da shi watanni kusa da kyaftin mai horarwa wanda ke da ikon cewa bai isa ba. Amma tsarin nan na tsayawa ne idan kamfani na kashe kuɗi a kan horo kuma hukuma na da haƙora. Amurkawa sun ɗora lamba ne domin lamba ba ta jin roƙo, ba ta san ɗan wane ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake sa hannu a takardar gwajin koyarwa ba tare da mai duba ya leƙa ajin ba, zai gane dalilinsu.

A yankinmu damuwar ta sha bamban. Yaro ya je kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko makarantar kamfanin Habasha, ko Afirka ta Kudu, iyaye sun sayar da fili, ya dawo da lasisi da awa ɗari biyu. Ƙananan ayyukan tara awa ba su da yawa a nan, kamfanonin ma 'yan kaɗan ne, horon nau'in jirgi kuma wani kuɗin ne daban. Akwai wata ɗaliba a ajina da ta rubuta a takardar insha'i cewa tana son zama matuƙiya. Na kira ta na ce ta riƙe lissafi da kimiyya da Turanci, ta kuma sa a duba idonta da kunnenta tun yanzu, domin gwajin likita ne matakin farko kuma shi ne mafi arha. Ta ce, "Malam, shekara nawa zan yi kafin a ba ni kujerar hagu?" Na ce ta fara neman ta dama tukuna. Ta ce babanta ya ce zai zo ya same ni ranar Asabar kan maganar kuɗin.