Kalmar Azawakh a Harshen Ingilishi: Ma'anarta da Asalinta

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikin sunayen jinsunan karnuka a Ingilishi sunayen wurare ne, kamar Labrador da Dalmatian da Pekingese. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato Azawakh, wanda tushensa ke maƙwabtaka da ƙasar Hausa. Za a bayyana ma'anar kalmar da asalinta da sauyin da furucinta ya samu, sannan a kwatanta ta da wasu sunayen dabbobi na wannan yanki.

2.0 Ma'ana da Amfani

A Ingilishi, Azawakh suna ne na wani kare siriri, mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, wanda yake farauta da kaifin gani da gudu maimakon bin ƙanshi. Tsayin namiji yakan kai santimita 64 zuwa 74, nauyinsa kuma kilo 20 zuwa 25. Ana fara rubuta kalmar da babban baƙi saboda asalinta sunan wuri ne, kuma tana ɗaukar ɗafin jam'i na Ingilishi, a ce Azawakhs. Wannan ya nuna kalmar ta zauna sosai a cikin nahawun harshen da ya aro ta.

3.0 Asalin Kalmar

Azawagh sunan wani faffaɗan kwari ne da ya ratsa arewa maso yammacin Jamhuriyar Nijar, musamman arewacin Tawa, har ya shiga gabashin Mali wajen Menaka. A can Abzinawa da Fulani suke kiwon wannan kare domin gadin zango da dabbobi, da kuma farautar zomo da barewa. Sai dai su masu shi ba da sunan kwarin suke kiransa ba. A harshen Tamashek akwai kalmar oska da ake kiransa da ita, Bafulatani kuma yana da kalmarsa ta rawaandu, wato kare.

A shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, zuwa Yugoslabiya da Faransa, ta hannun jami'an da suka yi aiki a Afirka ta Yamma. Da farko an ɗauke shi a matsayin wani reshe na Sloughi, karen farauta na Arewacin Afirka, wanda sunansa ya fito daga kalmar Larabci saluƙi. Daga baya ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, ta ware shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, ta ɗora kula da ƙa'idojin siffarsa a wuyan Faransa. Ƙungiyar AKC ta Amurka kuwa sai a 2019 ta ba shi cikakkiyar shaida. Ke nan kalmar ta bi ta Faransanci kafin ta iso Ingilishi.

4.0 Sauyin Furuci da Rubutu

Sautin ƙarshe na kalmar a Tamashek zuzau ne mai ziza da ake furtawa can bayan baki, kamar غ ta Larabci. Shi ya sa ake samun rubutu iri-iri: Azawagh, Azaouak, Azawakh. Ingilishi ba shi da wannan sauti, don haka ko da an rubuta kh, tsayau /k/ ake furtawa.

Hausa ma ba ta da shi, amma tana da hanyarta ta daidaita irinsa. A kalmomin da ta aro daga Larabci, غ takan koma /g/, kamar a magariba da gaibu, خ kuma ta koma /h/, kamar a alheri da Alhamis. Bahaushen da ya ga kh a rubuce zai iya zaton خ ce, alhali ba ita ba ce a asali. Rubutun da ya fi dacewa da Hausa shi ne Azawak, wanda dama da shi aka san wani jinsin shanu na wannan kwari.

5.0 Kwatanci da Sunayen Dabbobi

Bahaushe yakan raba karnuka ne ta aikinsu: karen farauta, karen gida. A wajen shanu da tumaki ne yake da sunayen jinsi, kamar bunaji da rahaji da gudali da uda da balami. Littattafan kiwo na Ingilishi sukan ƙara wa waɗannan sunan wuri ko na ƙabila. Makiyayin Betso ko ɗan kasuwar shanu ta Mubi gudali kawai zai ce, amma a littafi sai a ga Adamawa Gudali da Sokoto Gudali, bunaji kuma ta zama White Fulani. Baƙo yakan raɗa wa dabba sunan inda ya same ta, mai ita kuwa yakan kira ta da siffarta ko aikinta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Azawakh sunan wuri ne da ya zama sunan kare a bakin waɗanda suka fitar da shi. Darasin da ke nan ga masu rubuta ƙamus da masu fassara shi ne, kada a kwafo rubutun Ingilishi yadda yake. Ya kamata a rubuta karen Azawak, a kuma adana sunayen da makiyaya suke kiransa da su, domin idan ba a rubuta su ba, sunan aro ne kaɗai zai saura a littattafai.